Yadda Saɓanin Addini Ya Tsara Kaburbura da Maƙabartu

A watan Yulin 2024 gwamnatin Sri Lanka ta nemi gafara kan dokar da ta kafa lokacin annobar korona, wadda ta tilasta a ƙona gawar duk wanda cutar ta kashe, har da Musulmi da Kirista waɗanda binnewa suka sani. Dokar ta fara aiki a 2020, aka janye ta a Fabrairun 2021. A shekarar 2021 ɗin ne kuma jihar Bavaria ta Jamus ta sassauta sharaɗin akwatin gawa, ta ba da damar a binne mamaci da likkafani kawai idan addininsa ya buƙaci haka. A Faransa har yau magajin gari ne ke yanke hukunci ko za a ware wa Musulmi ko Yahudawa ɓangare a maƙabartar gari, wani ya yarda, wani ya ƙi.

Mai jin waɗannan labarai zai iya tambaya: me ya haɗa gwamnati da yadda za a kwantar da mamaci? Kuma me ya sa masu addini ɗaya ma suke saɓa wa juna, wasu su gina ƙubba a kan kabari, wasu su rushe ta? Idan aka bi tarihin, tambayoyi biyu ne ke ƙarƙashin kusan kowace rigima. Ta farko ta aƙida ce: shin akwai abin da mai rai zai iya yi wa mamaci, ko mamaci ya yi wa mai rai, a bakin kabari? Ta biyu ta iko ce: ƙasar maƙabarta ta wane ce, kuma wa ke riƙe da mabuɗin ƙofarta?

Kalmomin da ake cakuɗawa

Kabari shi ne ramin da gawa take ciki. Alamar kabari ita ce abin da aka ajiye a kansa don a gane shi, ko dutse ne, ko allo mai rubutu, ko gicciye. Hubbare ko ƙubba gini ne da aka tayar a kan kabarin, mai bango da rufi, wanda ake shiga. Bambanta waɗannan uku yana da muhimmanci, domin malamai da yawa da suka haramta na uku sun halatta na biyu.

Akwai kuma abin da cocin Katolika da na Angilika ke kira keɓaɓɓiyar ƙasa, wato filin da bishop ya tsarkake da addu'a ya zama na coci. Wanda aka binne a ciki ana ɗaukarsa ɗan jama'ar coci ne har bayan mutuwa. Kusa da wannan a fikihun Musulunci akwai maƙabarta musabbala, wadda aka yi waƙafinta don dukan Musulmi, ba mallakar kowa ba. A wajen Yahudawa kuwa ƙa'idar da ta fi kowace nauyi ita ce kabari na mai shi ne har abada, ba a tone shi a sa wani.

Turai: lokacin da aka daina yi wa mamaci addu'a

Kafin ƙarni na 16, Kiristocin yammacin Turai sun yi imani da wani zango tsakanin mutuwa da aljanna da suke kira Furgatori, inda ake tsarkake rai daga ragowar zunubi. Addu'ar masu rai da sadakarsu na rage wa mamaci zaman wannan zango. Wannan imani ne ya tsara kaburburan zamanin. Mai hali yana so a binne shi cikin coci, kusa da bagadi ko kusa da kabarin wani waliyyi. Yana barin dukiya a ɗauki limamin da zai riƙa yi masa addu'a kullum a wani ɗan ɗaki na musamman. A kan dutsen kabarinsa kuma a rubuta da Latin cewa mai wucewa ya yi wa ran wane addu'a. Kabarin roƙo ne da aka sassaƙa a dutse.

Da Martin Luther da John Calvin, jagororin Furotesta da suka ɓalle daga cocin Katolika, da mabiyansu suka ƙi yarda da Furgatori, sai wannan tsari ya rasa tushe. A ganinsu hukuncin mutum ya ƙare da fitar ransa, addu'a ba ta ƙara masa komai. A Ingila an rufe ɗakunan addu'ar matattu da doka a 1547, gwamnati ta karɓe dukiyarsu. Masu tsattsauran ra'ayi suka bi coci-coci da kurfi suna kankare kalmomin roƙon addu'a daga allunan tagulla, suna barin sunan mamacin da ranar mutuwarsa. Har yau a tsofaffin coci na gabashin Ingila ana ganin allon da farkon layinsa a goge yake, sauran rubutun kuma lafiya lau. Ɓarnar ta yi yawa har Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya ta fitar da sanarwa a 1560 tana hana fasa kaburbura, domin masu sarauta sun lura da cewa tarihin zuriyarsu ne ake fasawa. Calvin da kansa, da ya rasu a Geneva a 1564, an binne shi ba tare da alama ba bisa wasiyyarsa, don kada kabarin ya zama wurin ziyara.

Abin lura shi ne ginin kaburbura bai mutu ba a ƙasashen Furotesta, saƙonsa ne ya canza. Maimakon roƙon addu'a, sai allon ya koma lissafa halayen mamacin, da muƙamansa, da yawan 'ya'yansa, da ayar Littafi Mai Tsarki kan tashin matattu. An daina magana da mai wucewa don ya taimaki mamaci, aka koma yi masa wa'azi da rayuwar mamacin. 'Yan ɗariƙar Quaker ne suka kai abin ƙarshe: sun daɗe suna hana dutsen kabari gaba ɗaya, sai a 1850 suka yarda da shi, da sharaɗin ya zama ƙarami, iri ɗaya ga kowa, ba komai a kai sai suna da shekaru.

Wa ke da mabuɗin maƙabarta

Inda coci ɗaya ke riƙe da maƙabartar gari, hana kabari ya zama hukunci. An saba hana keɓaɓɓiyar ƙasa ga wanda aka kora daga coci, da wanda ya kashe kansa, da jaririn da ya mutu kafin a yi masa baftisma. A Ireland akwai ɗaruruwan ƙananan filaye a gefen gonaki da bakin teku inda iyaye ke binne irin waɗannan jarirai, sau da yawa da dare, da ɗan dutse marar rubutu. A Ingila sai a 1823 aka soke al'adar binne wanda ya kashe kansa a mararrabar hanya.

Da Kiristanci ya rabu, sai wannan makami ya juya kan ɗaya ɓangaren. A Faransa, bayan Sarki Louis na 14 ya soke dokar Nantes, wadda ta ba Furotesta 'yancin addini, a 1685, Furotesta sun rasa maƙabartunsu. Suka koma binne nasu a gonaki da lambuna da ƙarƙashin ɗakuna. Shi ya sa a yankunan Cévennes da Poitou har yanzu ake ganin ɗan shingen dutse a tsakiyar gona, da itace ɗaya ko biyu a tsaye, da kaburburan gida guda a ciki. A birnin Roma, waɗanda ba Katolika ba an ba su fili a gefen gari kusa da dalar Cestius, ana yawan binne su da dare, kuma har zuwa 1870 hukumar Fafaroma na tace abin da za a rubuta a kan duwatsunsu, ba a yarda da kalmar da ke nuna mamacin ya sami tsira ba.

A tsibiran Birtaniya kuwa Angilika ne ke da mabuɗin, Katolika da sauran ɗariƙu ne a waje. Dalilin da ya sa Daniel O'Connell, jagoran Katolikan Ireland, ya jagoranci buɗe maƙabartar Glasnevin a Dublin a 1832 ke nan, don kowa ya binne nasa da addu'arsa. A Ingila sai dokar 1880 ce ta ba wanda ba Angilika ba damar a binne shi a harabar cocin garinsu da addu'ar ɗariƙarsa. Kafin nan har kotu an je a kan kalma guda: wani limamin Methodist mai suna Henry Keet ya so ya rubuta laƙabin limanci gaban sunansa a dutsen kabarin 'yarsa, limamin Angilika ya hana, sai a 1876 majalisar ɗaukaka ƙara ta ba shi gaskiya. Sababbin maƙabartun birane na ƙarni na 19 an gina su da ɗakin addu'a biyu da hanya a tsakani. A Belfast, maƙabartar birni da aka buɗe a 1869 tana da bango mai zurfin ƙafa 9 da aka gina a ƙarƙashin ƙasa don raba Katolika da Furotesta. Ba a ganinsa daga sama. Kuma bangon bai yi aikin da aka gina shi dominsa ba, domin an sami saɓani kan wanda zai yi iko da ɓangaren Katolika, sai Katolika suka buɗe tasu a Milltown.

Shari'ar da ta fi nuna yadda iko biyu ke karo ita ce ta Joseph Guibord a Montreal. Ma'aikacin ɗab'i ne, ɗan wata ƙungiyar masu karatu da Bishop Ignace Bourget ya la'anta. Ya rasu a 1869, coci ya hana shi keɓaɓɓiyar ƙasa, matarsa ta kai ƙara. A 1874 kotun ƙoli ta daular a Landan ta ce a binne shi. Yunƙurin farko jama'a suka tare ƙofa da jifa. A Nuwamban 1875 aka kai shi da rakiyar sojoji, aka zuba siminti a kan akwatin don kada a tone. Bishop kuma ya sanar da cewa ya cire tsarki daga wannan ɗan fili. Kotu ta iya ba da ramin, amma ma'anar ramin ta kasance a hannun coci.

Cikin Musulunci: ɗani guda na ƙasa da abin da ke bisansa

Musulmi sun haɗu a kan ginshiƙan sutura: wanka, likkafani, salla, gaggauta binnewa, da kwantar da mamaci a gefen dama yana fuskantar alƙibla. Rami iri biyu ne. Lahadu shi ne a haƙa kabari, sannan a fafe wani gurbi a jikin bangon da ke wajen alƙibla, a sa gawar a ciki, a toshe da tubali. Shaƙƙu kuwa a tsakiyar ƙasan kabarin ake haƙa ƙaramin rami, a rufe samansa. Lahadu ya fi falala inda ƙasa ke da ƙarfi. A ƙasa mai rairayi ko mai ruwa yana ruftawa a kan gawar, don haka ake komawa shaƙƙu. Wannan saɓanin ƙasa ne, ba na aƙida ba.

Saɓanin yana farawa daga saman ƙasa. An yarda a ɗaga kabari kamar ɗani guda don a gane shi, kada a taka. Malikawa da Hanafawa da Hambalawa sun fi son a yi masa tozo kamar na raƙumi, suna kafa hujja da ruwayar Buhari daga Sufyanu Attammar cewa ya ga kabarin Annabi (SAW) da tozo. Shafi'awa sun fi son a baje samansa, 'yan Shi'a ma haka. A nan akwai wani abu da ke nuna yadda rabuwa ke sassaƙa kabari kai tsaye: wasu malaman Shafi'iyya sun ce tunda bajewa ta zama alamar 'yan Shi'a, gara a koma tozo don a bambanta. Imam Nawawi bai karɓi wannan ba, ya ce ba a barin sunna don wani ya yi tarayya a cikinta. 'Yan Shi'a Imamiyya suna kuma yin kabbara biyar a sallar gawa inda Ahlus Sunna ke yin huɗu, kuma suna sa ɗanyun rassa biyu tare da mamaci.

Babbar rigimar ita ce ta gini. Masu hani suna riƙe da hadisin Muslim inda Aliyu ɗan Abi Ɗalib ya aiki Abul Hayyaj da umarnin kada ya bar kabari mai tudu sai ya daidaita shi, da hadisin Jabir da ya hana shafe kabari da farar ƙasa, da zama a kansa, da gini a kansa, ruwayar Tirmizi ta ƙara da rubutu. Suna ƙarawa da hadisan da suka la'anci mayar da kaburburan annabawa wuraren sujada. Tsoronsu a fili yake: gini na jawo ziyara, ziyara na jawo roƙon mai kabari, wannan kuma ƙofar shirka ce.

Masu halattawa suna cewa hanin ya shafi alfahari da ƙuntata wa jama'a fili, da yin sujada ga kabarin kansa. Suna kawo dutsen da Annabi (SAW) ya ajiye a kan kabarin Usmanu ɗan Maz'un don ya gane shi, da aya ta 21 a Suratul Kahfi kan waɗanda suka ce za su gina masallaci a kan mutanen kogo, ko da yake masu hani na cewa ayar labari ce, ba yabo ba. Kan rubutu, Hakim ya ce aikin Musulmi gabas da yamma ya gudana a kan rubuta suna, Zahabi ya mayar masa da cewa abu ne da aka ƙirƙira daga baya.

Fikihun mazhabobi ya tsaya a tsakiya fiye da yadda masu gardama ke nunawa. Ya raba hukunci bisa mallakar ƙasa. A maƙabartar waƙafi gini haramun ne a wajen mafi yawa, ana ma rushe shi, domin ya cinye wurin wani. A filin mutum na kansa makaruhi ne, sai in don taƙama aka yi, sannan ya haramta. Imam Shafi'i ya ambaci cewa ya ga hukuma a Makka tana rushe irin waɗannan gine-gine, malamai ba su zarge ta ba. Duk da haka a 1211 Sarki Alkamil na Ayyubawa ya gina babbar ƙubba a kan kabarin Shafi'in a Alƙahira, wanda ke nuna cewa sarauta da son jama'a sun sha tafiya gaban littafi. Daular Usmaniyya ta kai abin wani mataki: dutsen kabari a Istanbul yana da rawani da aka sassaƙa a kansa, siffar rawanin na faɗin ko mamacin malami ne, ko soja, ko ɗan wace ɗariƙa, na mata kuma furanni. Bayan gyaran tufafi na 1829 jar dara ta maye gurbin rawani a kan duwatsun ma'aikatan gwamnati.

A wajen 'yan Shi'a ziyarar kaburburan Imamai ibada ce mai lada, kuma kusanci da su bayan mutuwa abin nema ne. Wannan ne ya haifar da Wadis Salam a Najaf, kusa da hubbaren Aliyu, ɗaya daga cikin maƙabartu mafi girma a duniya, inda aka shafe ƙarnuka ana kai gawarwaki daga Iran da Indiya da sauran wurare. Saboda haka rushe hubbare ya zama hanyar bugun ɓangare guda tun da daɗewa. Halifa Mutawakkil ya sa an rushe kabarin Husaini a Karbala a shekara ta 236 bayan Hijira. A Madina an rushe ƙubbobin Baƙi'a sau biyu, a 1806 zamanin daular Saudiyya ta farko, sannan a 8 ga Shawwal 1344 na Hijira, bayan Sarki Abdul'aziz ya karɓi Hijaz. Masu rushewar na ganin sun dawo da sunna, 'yan Shi'a kuma suna tuna ranar a matsayin ranar baƙin ciki duk shekara. Saudiyya na bin wannan ra'ayi har a kan sarakunanta: Sarki Abdullah, da ya rasu a Janairun 2015, an binne shi a maƙabartar Al'ud ta Riyad a kabari marar suna.

Abin da ya canza a zamaninmu shi ne shigowar dokar duniya. A 2012 mayaƙan Ansar Dine sun rushe hubbarorin waliyyai a Timbuktu. A Satumban 2016 kotun hukunta manyan laifuka ta duniya ta ɗaure Ahmad Alfaƙi Almahdi shekara 9 kan rushe hubbare tara da ƙofar masallacin Sidi Yahya, bayan ya amsa laifinsa. Kotun ba ta yanke hukunci kan halascin gini a kan kabari ba. Ta hukunta lalata kayan tarihi da wuraren ibada lokacin yaƙi. Wannan bambanci ne da sau da yawa ke ɓacewa a muhawara.

Yahudawa da matsalar fili

Yawancin tarihin Yahudawan Turai an iyakance musu fili, ga kuma dokarsu ta hana tone kabari. Mafitar da suka samu a tsohuwar maƙabartar Prague ita ce su kawo sabuwar ƙasa su zuba a kan tsofaffin kaburbura, su binne a sama, su ɗago tsofaffin duwatsun su kafa su tare da sababbi. Daga ƙarni na 15 zuwa 1787 wurin ya tara duwatsu kusan 12,000 cunkushe da juna, a kan hawa-hawan kaburbura. A cikinsu ma akwai bambanci: Ashkenazawa, wato Yahudawan tsakiya da gabashin Turai, na kafa dutse a tsaye, Sefardawa, masu asali daga Sifaniya da Portugal, na shimfiɗa shi a kwance. Hannaye biyu a buɗe a kan dutse na nuna zuriyar Haruna, buta kuma zuriyar Lawi. Rigimar gaggauta binnewa da Musulmi ke fuskanta yau a Turai, Yahudawa sun riga su: a 1772 sarkin Mecklenburg-Schwerin ya umarce su su jira kwana uku, saboda tsoron da ake yi a lokacin na binne mai sauran rai.

Wuta ko ƙasa

Ƙona gawa farilla ce ta al'ada ga mafi yawan Hindu da Sikh, kuma sananniya ga mabiya Buddha. Musulmi da Yahudawa masu bin gargajiya da cocin Otodoks sun hana. Katolika sun hana a 1886, a lokacin da masu adawa da coci a Italiya da Faransa suka riƙe ƙonawa a matsayin tutar ƙin yarda da tashin matattu. Sun sassauta a 1963, sannan a 2016 fadar Vatican ta bayyana cewa tokar a ajiye ta a keɓaɓɓen wuri, ba a watsa ta ba, ba a raba ta tsakanin dangi ba. Girka, saboda nauyin cocin Otodoks, ba ta sami wurin ƙona gawa ba sai a 2019. Japan ma ta taɓa haramta ƙonawa daga 1873 zuwa 1875 don rage tasirin addinin Buddha, yau kuwa sama da kashi 99 cikin ɗari na gawarwakinta ƙonawa ake yi, wanda ya sa samun filin binnewa ya zama wahala ga Musulmin ƙasar.

Da gwamnati ta karɓi mabuɗin

Ƙasashe sun bi hanya biyu. A Faransa, dokar Napoleon ta 1804 ta mayar da maƙabartu hannun hukumar gari, ta ce inda akwai addini fiye da ɗaya a raba filin da bango ko shinge ko rami, kowane da ƙofarsa. Dokar 1881 ta soke wannan rabon, ta ce maƙabarta ta kowa ce, alamar addini a kan kabarin mutum kaɗai za ta tsaya. Shi ya sa ɓangaren Musulmi a Faransa ba haƙƙi ba ne a doka, alfarma ce ta magajin gari, wadda takardun ma'aikatar cikin gida na 1975 da 1991 da 2008 suka ƙarfafa shi ya yi. Strasbourg ta iya buɗe maƙabartar Musulmi ta hukuma a 2012 ne don yankin Alsace na da dokarsa ta daban. Birtaniya ta bi ɗaya hanyar, ta bar ƙungiyoyin addini su sayi fili su gudanar da nasu.

Masu goyon bayan hanyar farko na cewa ita ce ta kawo ƙarshen wulaƙancin da aka yi wa irin su Guibord, kuma raba fili na mayar da magajin gari mai tantance addinin mamaci. Masu suka na cewa tsarin da ake kira na kowa an auna shi ne da al'adar masu rinjaye, don haka marar rinjaye ne kullum ke neman alfarma. Kowace magana na da abin da ta dogara da shi. Maƙabartun soja sun gwada tsaka-tsaki: hukumar kaburburan yaƙi ta daular Birtaniya, da aka kafa a 1917, ta zaɓi dutse iri ɗaya ga hafsa da kurtu, alamar addini a sassaƙe a jikinsa, Faransa kuma ta yi siffa daban ga kowane addini, kamar duwatsun Musulmi 592 da ke fuskantar alƙibla a Douaumont. Amma rahoton hukumar Birtaniyar na 2021 ya amsa cewa aƙalla mutum 116,000, mafi yawansu 'yan Gabashin Afirka da Masar, ba a rubuta sunayensu ba.

Inda abin ke taɓa iyali

Ga iyalin da aka yi wa rasuwa a ƙasar da suke marasa rinjaye, tsohuwar rigimar ta koma abubuwa na aiki. Na farko lokaci. Faransa ba ta yarda a binne kafin awa 24, jihohin Jamus da yawa sun saba da awa 48, ga takardar likita da ta rajista, kuma ofisoshi a rufe suke ƙarshen mako. Sai akwati, wanda wajibi ne a Faransa. Abin da ake yi shi ne a kwantar da mamacin cikin likkafaninsa a gefen dama a cikin akwatin, a tokare bayansa don kada ya juya lokacin ɗauka. Hujjar hukumomi ba ta tsafta kaɗai ba ce: a ƙasa mai laka da ruwa, iskar da ke cikin akwati na taimakon ruɓewa, in babu ita gawa na iya daskarewa ta ƙi narkewa, ramin kuma ba zai sake amfani ba.

Alƙibla na da nata kuskuren da ake yawan yi. Fuskar mamaci ce ke kallon Makka, don haka tsawon kabarin yana gilma layin alƙibla ne, ba ya bin sa. Mai awon da bai san wannan ba yakan miƙe ramin zuwa Makka, sai ya zama ƙafa ko kai ne ke wajen. Kuma a maƙabartar da aka riga aka yanka layukanta gabas da yamma bisa al'adar Kirista, karkata layi na cin fili, wanda shi ne dalilin da ya sa ake neman ɓangare na musamman tun daga zane.

Mafi nauyi shi ne wa'adi. A yawancin Turai hayar kabari ake yi. A Jamus shekara 20 zuwa 30 ne aka saba. A Faransa akwai na shekara 15, 30, 50 ko na dindindin inda gari ya tanada, filin kyauta kuma ana iya karɓe shi bayan shekara 5. A biranen Girka ana tone ƙasusuwa bayan shekara 3. In iyali ba su sabunta ba, ko hukuma ta aika takarda zuwa adireshin da aka daɗe da bari, sai a kwashe ƙasusuwan zuwa rumbun gama-gari, wani wurin ma a ƙona su. Wannan tsoron ne ke sa iyalai da yawa mayar da gawa ƙasar asali, abin da ke buƙatar akwati mai rufin ƙarfe da aka liƙe, da takardar izinin ƙetare da gawa, da sa hannun ofishin jakadanci. A 2020, da aka rufe iyakoki, wannan hanya ta toshe, ɓangarorin Musulmi a Faransa da Italiya suka cika cikin 'yan makonni. Ga ma'aurata masu addini biyu kuma akwai tambayar da ya kamata a yi wa hukumar maƙabarta tun da rai, a rubuce: ko ƙa'idar ɓangaren ta yarda a kwantar da su kusa da juna, domin a wurare da yawa amsar ta dogara da wanda ke riƙe da filin, coci ne, ko ƙungiya, ko gari.